Zare: Kirambul ɗin ƙanwata da gyaɗar kakanninmu

1/
Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwata ta gasa wani abu a gidanmu na Garki, wai shi apple crumble. Mu dai kirambul muke cewa. Tuffa a ƙasa, marmashin fulawa da ots da bota a sama. Kakarmu ta ɗanɗana, ta faɗi wata magana da ta sa na kwana uku ina tonon tarihi. Zaren na da tsawo, ku gyara zama.

2/
Garkin Jigawa fa nake nufi, ta masarautar Ringim, ba ta Abuja ba. Kar wani ya zo yana tambayata Area nawa.

3/
A TikTok ta gani. Yarinyar ta gama sakandare, tana zaman jiran jarabawa, kuma ta ƙudurta sai ta fara sana'ar kayan gashi. Kuɗin adashenta ta ɗauka ta ba ni saƙo da zan dawo daga Kano: tuffa huɗu, gwangwanin Quaker Oats, bota, kirfa. Kuɗin tuffa huɗun nan kaɗai ya kusa sayen kwanon gero. Na ce mata wannan gashin manya ne. Ta ce "Yaya kai dai ka sayo."

4/
Ba mu da oben. Yashi ta zuba a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kan gawayi har ya yi zafi, ta sa kwanon a ciki, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Wajen minti arba'in sai ƙamshi ya cika gidan. Saman ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ruwan tuffar yana tsartuwa ta gefe. Gefe ɗaya ya ɗan ƙone, amma wallahi ya yi daɗi.

5/
Kaka tana kan tabarma tun farko tana kallon yadda take murza bota cikin fulawa da 'yan yatsu. Da aka miƙa mata ta ci cokali biyu, sai ta ce: "Ke kishiya, wannan ai dambu ne kika kifa a kan 'ya'yan itace. Kuma girkin matsi ne. Wadda ta fara yin sa, manta ne bai kai ba."

Ƙanwata ta ji haushi. Abin Turawa guda, a ce masa girkin matsi?

6/
To ashe tsohuwar nan gaskiya ta faɗa. Ba ta taɓa zuwa ko'ina da ya wuce Kano da Makka ba, amma hannun da ya shekara sittin yana girki ya san girkin da aka yi don tattali.

7/
Mu koma Ingila, 1939. Kafin yaƙin Hitila, wajen kashi biyu cikin uku na abincin da mutanen Birtaniya ke ci ta jirgin ruwa yake zuwa musu. Alkama daga Kanada, bota daga New Zealand, nama daga Ajantina, sukari daga tsibiran Karibiyan da sauransu. Da yaƙi ya ɓarke, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka shiga nutsar da jiragen dakon kaya a tekun Atlantika. Dabarar ita ce a kashe su da yunwa.

8/
Ranar 8 ga Janairu 1940 gwamnati ta fara rabon abinci da kati. Kowa da ɗan littafinsa, ka je kanti a yage maka ko a soke, ka karɓi rabonka. Da bota da sukari da naman alade aka fara. Daga baya nama, shayi, majarin, cuku, ƙwai, duk suka shiga.

9/
Ku ji rabon babban mutum na SATI guda a galibin shekarun yaƙin:
bota giram 57, wato kamar cokali huɗu na cin abinci
majarin giram 113
sukari giram 227
ƙwai ɗaya

Ƙwai ɗaya a sati. Wanda ke fasa uku a kan indomi ɗaya, ka ji fa.

10/
Abin zaƙin da Bature ya gada kaka da kakanni shi ne fai ɗin tuffa. A kwaɓa fulawa da mai, a murza, a shimfiɗa a ƙasa, a zuba tuffa, a sake rufewa da wani a sama. Ƙa'idar kwaɓin ita ce man ya kai rabin nauyin fulawar. Fai ɗaya sai ya lashe kaso mai yawa na rabon man mutum na sati.

11/
Sai matan gida suka canja salo. A bar shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya. Na saman ma ba sai an kwaɓa ba: ɗan man da ake da shi a murje shi cikin fulawa har ya zama marmashi, a barbaɗa. In fulawar ba ta kai ba a ƙara da ots ko ɓurɓushin busasshen burodi. Ma'anar sunan ke nan ma a Turance, abin da aka marmasa.

12/
Kar a ce na ce yaƙin ne ya ƙirƙiro shi daga babu. A Amurka akwai ɗan'uwansa, apple crisp, da ya fito a littafin girki tun 1924. Amma a Ingila rabon kati ne ya shigar da shi kowane gida, kuma da yaƙin ya ƙare bai fita ba.

13/
Me ya sa tuffa? Don ita ce a bayan gidansu, kamar yadda mangwaro yake a wurinmu. Ba a sa ta a kati ba. Suna da wata mai tsami da ake kira Bramley, ta girki ce, da ta ji wuta sai ta narke. Uwar bishiyar wata yarinya ce, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwallonta a garin Southwell a 1809.

Asalin tuffa kuwa can duwatsun Kazakhstan ne, wajen Almaty. Sai ta sha sanyi mai tsanani kafin ta yi fure sosai, shi ya sa ba za ka ga gonarta a Garki ba.

14/
Ots fa? Hatsin ƙasar sanyi da danshi ne, Scotland ce gidansa. Turawan Ingila sun daɗe suna raina shi. Samuel Johnson, mai ƙamus ɗin 1755, har ba'a ya yi wa mutanen Scotland a cikin ƙamus ɗin a kan suna cin abincin dawaki. Da yaƙi ya zo, abincin dawakin nan ne ya rufa asiri, don a gida ake noma shi, ba ya jiran jirgi.

Shi ne yanzu muke saya a gwangwani da tsada muna jin mun waye.

15/
Zuwa nan labarin Turawa ne kawai, da na tsaya. Amma ku sake duba jerin can na sama. Majarin ya ninka bota sau biyu. Yawancin kirambul ɗin lokacin yaƙi da majarin aka murza shi. Sai na tambayi kaina: da me ake yin majarin a lokacin?

Nan ne zancen ya dawo ƙofar gidanmu.

16/
Wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ne ya ƙirƙiro majarin a 1869, da kitsen shanu, don talaka da soja su samu abin shafawa mai araha. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar hanyar daskarar da man itatuwa da iskar haidirojin. Wato man da yake ruwa, irin man gyaɗa, a mai da shi mai kauri kamar bota. Daga nan masana'antun Turai suka haukace da neman duk wani iri mai mai.

17/
Ana cikin haka layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a yi ta lodi zuwa masaƙun Lancashire. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa. Ta fi kuɗi, tana son ƙasar jigawa mai yashi, harawarta abincin dabba ce, kuma in kasuwa ta faɗi ka ci abarka. Auduga kuwa ba ta ciyuwa.

18/
A 1930 layin ya miƙe daga Kano ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori har Nguru. Ku buɗe taswira ku duba. Ta tsakiyar ƙasar gyaɗa ya ratsa, kuma ba don a kai mutane biki aka shimfiɗa shi ba. Garki ba ta kan layin, amma jaki da raƙumi suna kai kaya tasha.

19/
Masu saye su ne kamfanonin Turawa, babbansu UAC da aka kafa a 1929, wanda ke ƙarƙashin Unilever. Unilever ɗin ita kanta haɗaka ce ta kamfanin sabulu na Ingila da kamfanin majarin na Holan. Kun ga zaren ya haɗu? Mai sayen gyaɗar a Kano da mai yin majarin a Turai gida ɗaya ne. A tsakani akwai dillalai 'yan ƙasa, wanda ya fi shahara Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955.

20/
Na koma wurin Kaka na tambaye ta gyaɗa. Ba ta san shekarunta ba, ta dai ce tana goye lokacin da ake ɗibar soja a yaƙin Hitila. Abin da ta sani daga bakin mahaifinta ta ji. Ya kan ɗaure buhu biyu a jaki tun asuba, su tafi a ayari. A wurin awo ba ka ganin abin da sikeli ya nuna, ko ka gani ba ka iya karantawa. Abin da malamin awo ya ce shi ne. Kafin ya iso gida, kuɗin haraji ya riga ya ci rabonsa.

21/
Harajin nan shi ne igiyar. Da kuɗi ake biya, ba da dame ba. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e a Kano, don a lokacin Garki a ƙarƙashin Sarkin Kano Abdullahi Bayero take. Hanyar samun tsabar kuɗi mafi kusa ga manomi kuwa ita ce gyaɗa. Ba sai an sa maka bindiga ba.

22/
Fabrairu 1942: Japan ta ƙwace Singafo, bayan ta mamaye Malaya, sannan ta ci tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya. A 'yan watanni Birtaniya ta rasa inda take samun roba, kuza, da kaso mai yawa na man kwakwa da manja. Ido ya dawo kan Afirka ta Yamma. Aka turo minista guda, Lord Swinton, ya zauna a Akara, babban aikinsa ya ga kayan nan sun fita.

23/
A shekarar ce hukumar kula da amfanin gona ta Afirka ta Yamma ta karɓi cinikin gyaɗa da manja. Gwamnati ke yanka farashi, manomi ba shi da wani mai saye. Ita kuma hukumar ta sayar wa Ma'aikatar Abinci ta Birtaniya. Wannan ma'aikatar dai, ta Lord Woolton, ita ce ke buga katin rabon da na ba ku labari. Hannun da ke auna wa matar Landan giram 113 na majarin shi ne ke yanke wa kakan Kaka kuɗin buhunsa.

24/
Jami'an mulki da hakimai suka bazu ƙauyuka ana kiran a ƙara noman gyaɗa don taimakon yaƙi. A daidai lokacin kaya sun yi wuya a kasuwa: gishiri, kananzir, yadi. Ka sayar da gyaɗa, kuɗin hannunka ba ya sayen abin da yake saya da.

25/
Kuma shekarun ba na ƙoshi ba ne. A 1942 an yi yunwar da tsofaffi a wasu sassan ƙasar Hausa ke kira 'Yar Gusau. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar maza na tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Hannun da ya kamata ya riƙe fartanya yana ramin kuza, gonar da ta kamata ta ba da gero an ce a sa mata gyaɗa.

26/
Bambancin da ya tsaya mini a rai ke nan. A Ingila an yi ƙarancin abinci, amma an raba shi da kati, an ƙara wa yara da masu ciki madara, an sa sinadarin bitamin a majarin. Masana tarihinsu sun yarda cewa talakan Ingila da yawa ya fi cin abinci mai gina jiki a lokacin yaƙi fiye da kafinsa. Mu nan ba wanda ya buga wa kati. In rumbunka ya ƙare, sai tafasa da rama da abin da daji ya bayar.

27/
Kafin wani ya ce na cika zafi: ba duk majarin ɗin Ingila ne gyaɗar Kano ba. Akwai man kifin whale, akwai man ƙwarar manja daga kudancin Nijeriya, akwai gyaɗar Indiya da ta Gambiya. Kuma gyaɗa ta yi wa mutanenmu rana. Da kuɗinta aka yi aure, aka sayi keke, aka je Hajji, aka gina arzikin gidajen da har yau ake ambato a Kano. Ni dai abin da nake cewa, in an ba da labarin jarumtar matar Bature da ta ciyar da gidanta da cokali huɗu na mai, a tuna inda wani kason man ya fito.

28/
Yaƙi ya ƙare 1945, yunwar mai ba ta ƙare ba. Har burodi sai da aka sa a kati a Birtaniya daga 1946 zuwa 1948, abin da ba a yi ba ko a tsakiyar yaƙin. Don neman mai suka je Tanganyika a 1947 da manyan motocin share daji wai za su noma gyaɗa da inji. Ƙasa ta ƙi, ruwa ya ƙi, aka binne miliyoyin fam, aka watsar a 1951.

29/
Abin dariyar, a daidai shekarun nan gyaɗar da manomanmu suka noma da fartanya tana jibge a Kano, jirgin ƙasa ya kasa kwashewa saboda ƙarancin kawuna da taragu. Dalar gyaɗar nan da muke sa hotonta muna alfahari, wani ɓangare na tsayinta jiran jirgi ne. Har ƙwari suka riƙa cin ta a buhu.

30/
Sukari ya fita daga kati a Birtaniya a 1953, rabon gaba ɗaya ya ƙare a Yulin 1954. Bota ta dawo, kirambul ya samu mai har ya yi yawa, ya koma abin marmari na ranar Lahadi da na makarantu, ana zuba masa kastad.

Mu kuma gyaɗa ta ci gaba da riƙe Jihar Arewa har bayan 'yancin kai. Sai farin 1972 zuwa 1974, sai cutar kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta share gonaki a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dala ta ɓace.

31/
Yanzu ku dubi kwanon ƙanwata. Tuffar da ake sayarwa a kasuwanninmu yawancinta daga Afirka ta Kudu take. Ots daga waje. Fulawa a nan aka niƙa, amma mafi yawan alkamar a jirgin ruwa ta zo, duk da ana noma ta a fadamun Haɗeja. Sukari ɗanyensa akasari daga Brazil, a Legas ake tace shi.

Na lissafa abin da yake na Garki a gashin nan: yashi da gawayi.

32/
Girkin da aka ƙirƙira don a guje wa kayan jirgin ruwa, mu a nan ba ya yiwuwa sai da kayan jirgin ruwa. Wannan ne ya fi ba ni haushi, ba wai don na Turawa ne ba. Ni ba na cikin masu cewa kar a ci abincin wasu. Gurasa ma ai baƙuwa ce a da, ga ta nan ta zama 'yar gida.

33/
Matsalar ƙanwata dai ta kuɗi ce. Mun zauna mun yi lissafi: in ta yanka kwanon gida shida, kuɗin da za ta sa wa yanka ɗaya don ta mai da uwar kuɗi ya fi ƙarfin wanda zai saya a unguwarmu. Kuɗin adashen kuma ya tafi. Ta yi shiru, na ga idonta ya kawo ruwa.

34/
Kaka ce ta ce, "To ke ba ki da gyaɗa ne a gidan?"

35/
Ran Lahadi muka sake. Gwajin farko da man gyaɗa muka yi a madadin bota. Tab. Fulawar ta shanye man ta cure wuri ɗaya, babu marmashi ko kaɗan. Dalili: marmashin yana samuwa ne in man yana da kauri, ya tsaya ƙanana-ƙanana a cikin fulawa sai wuta ta narkar da shi. Abin da Normann ya warware a 1902 ke nan, mu muka sake gano shi a tsakar gida da asarar kofi ɗaya na fulawa.

36/
Na biyu: man shanun da Kaka ke ajiya a kwalba, sanyin hunturu ya daskarar da shi. Ga yadda ta auna, ga mai son gwadawa:
fulawa kofi ɗaya
soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza rabin kofi
ots cokali uku, ragowar na gwangwanin
man shanu cokali huɗu
sukari cokali uku, gishiri ɗan kaɗan
A ƙasa tuffa biyu kacal, aka cike da dabinon Dutse da aka jiƙa aka cire ƙwallo, da kirfa da 'yar citta.

37/
Kar ki cuɗa kamar kwaɓin fanke. Da kan yatsu za ki murza, ki ɗaga ki saki, daidai yadda ake yi wa dambu. In ya zama kamar tsakin masara, ki tsaya. Kuma garwashin saman murfi ya fi na ƙasa yawa, in ba haka ba ƙasan zai ƙone saman yana fari.

38/
Ni a bakina na biyun ya fi, gyaɗar ta ba shi ƙamshin da ots ba shi da shi. Ƙanwata ta ce na farkon ya fi kyau a hoto, kuma gaskiyarta. Kuɗin da ya ci bai kai na farko ba, ta ce in mangwaro ya fito za ta cire tuffar gaba ɗaya ta gwada. Wata maƙwabciyarmu ta riga ta ce a yi mata na suna.

39/
Kaka ta ci, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ta dai ce man ya ɗan yi yawa, mahaifiyarta da cokali biyu za ta yi shi. Sannan ta jawo kwanon ta rufe ragowar da faifai ta tura ƙarƙashin gado, wai da shi za ta sha kokon safe, kuma duk jikan da ya taɓa ita da shi ne.